Shekarar da Na Cire Sunan Sadik

Ku 'ya'yana, akwai maganar da kuka girma da ita a gidan nan. Ba wanda ya taɓa furta ta a gabana, amma ina jin motsinta duk ranar da aka kunna ƙwallo a talabijin, ɗayanku ya saci kallon yayanku Sadik, sannan ya saci kallona. Maganar ita ce ni na tare masa hanya. Ban taɓa musantawa ba, domin akwai gaskiya a ciki. Sai dai ƙarshen zancen kawai kuka sani, don a lokacin wasunku na goye, wasu na wasan ƙasa a zaure. Yanzu da idona ya daina jure hasken walda, na sami lokacin zama in faɗa muku yadda abin ya faru tun daga tushe.

Kun san ni mai walda ne, kun kuma san na yi shekaru ina koya wa yaran unguwar Dogarawa ƙwallo. Abin da ba ku sani ba shi ne inda na samo irin tawa koyarwar. Ina saurayi aka taɓa kai ni barikin Basawa in yi waldar gadaje, na yi wata biyu a can. Kullum da safe ina ganin sojoji suna gudu, suna tsallen kwaɗo, gumi na zuba kamar an kwara musu ruwa, mai ba su umarni kuma ko tausayi babu a fuskarsa. Sai abin ya zauna mini a rai cewa wahala ce kaɗai ke gina namiji. Da na tara yara, da wannan aƙida na tara su. Na ɗauko garewanin fenti na cika su da siminti, na soka rodi a tsakani, na ce ga ƙarfen ɗagawa. Atisaye da safe, atisaye da yamma, kwana bakwai a mako. Wanda ya ce ya gaji sai in ƙara masa zagaye biyu. Na sha gaya musu cewa hutu na matattu ne, har suka mai da maganar waƙar gudu.

Filinmu yana bayan wata firamare, kusa da layin dogo. Har yau idan na rufe ido da rana tsaka, filin nan nake gani a cikin damina: ciyawa ta fito kore shar, balbelu sun sauka a gefen raga kamar an shanya fararen riguna, ƙamshin ƙasa na tashi, jirgin ƙasa na kuka can nesa. A tsakiyar wannan duka sai Sadik, yana da shekara goma sha shida, siriri, dogon wuya, ba ya son magana. Idan aka ɗago ƙwallo daga kusurwa, kowa zai yi tsalle, kowa zai sauko, shi kuma sai ka ga kamar ya manta da saukowa. Yakan tsaya a sama na ɗan wani lokaci da ban san sunansa ba, idonsa a buɗe, rigarsa ta kumbura da iska, sannan ya sa kai. Ni da na yi tsaron raga a ƙuruciyata, gajere, ban taɓa taɓo sandar sama ba sai da ƙyar, nakan tsaya da usur a baki in kasa hurawa. Ban taɓa gaya masa haka ba. Abin da nake ce masa shi ne, sake.

A farkon daminar ce wata ɗaliba ta zo daga Samaru. Sunanta Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, tana karatun motsa jiki a jami'a. Ta sauka daga acaba da jaka a kafaɗa, ta durƙusa ta gaishe ni da Hausarta mai daɗi, ta ce malamanta sun ba ta aikin auna tsalle da gudun yara masu ƙwallo, ko zan yarda. Na yarda ne don alfahari, ina so jami'a ta ga abin da mai walda ya gina. Kayan aikinta ba su da yawa: alli, tef na awo, da agogon hannu mai maɓalli. Yaro zai shafa garin alli a yatsu, ya tsaya jikin bangon aji, ya yi tsalle ya mari bango iya ƙarfinsa. Sai ta rubuta sunansa a gefen tambarin. Daga nan ta ja layi biyu a ƙasa, su ruga daga wannan zuwa wancan, tana danna agogo.

Awon farko ya faɗo ne bayan Sallah, yara sun yi kwana biyar ba atisaye, ni kuwa ina ta ƙunƙunin sun yi kwance sun cika ciki da nama. Bayan mako uku na aiki tuƙuru ta dawo ta sake aunawa. Na riƙe ƙugu ina jiran in ga tambura sun hau. Sai ta kira ni jikin bangon, ta nuna mini da yatsa. Tambarin kowane yaro ya sauko. Na wani da faɗin yatsa biyu, na wani da uku. Gudun ma, in ji agogonta, ya yi nauyi.

"Agogon naki ne ya lalace," na ce mata.

"To bangon fa, Baba? Shi ma ya ƙara tsawo ne?"

Yara suka kwashe da dariya, na daka musu tsawa. Ita kuwa ba ta yi dariya ba. Ta jira har suka watse, sannan ta zauna a kan ɗaya daga garewanina.

"Baba, ƙarfen nan naka ba shi da laifi. Ɗaga shi na sa ƙafa ƙarfi, ƙafa mai ƙarfi ita ke tsalle, ita ke fizgar gudu. Amma ba a lokacin ɗagawa ƙarfin ke shiga ba. Ɗagawa gajiyar da tsoka take yi. Sai yaro ya ci, ya yi barci, ya kwana biyu, sannan jiki ya gyara abin da aka gajiyar, har ya ƙara. Kai kuwa kullum kafin jiki ya gama gyara ka sake rushewa."

Na tafi gida ina fushi, na kwana biyu ina fushi. A rana ta uku ina haɗa wata ƙofa a shago, na gama walda, na ja baya ina jiran ƙarfe ya huce da kansa, domin duk mai walda ya san in ka matsa masa da zafinsa zai tsage. Ina tsaye ina jira sai kunya ta kama ni. Shekara ashirin ina yi wa ƙarfe haƙurin da ban taɓa yi wa 'ya'yan mutane ba.

Muka sake tsari ni da ita. Ɗaga ƙarfe sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, kaɗan-kaɗan, da hutu tsakanin kowane ɗagawa har numfashi ya dawo. Gudu mai tsanani a gajeren zango, ba zagayen fili har rana ta take ba. Juma'a da Lahadi babu mai taɓa ƙwallo, masu masallaci su je, masu coci su je. Iyayen yara wasu suka ce Koci ya tsufa. Amma kafin gero ya fitar da kai, tambura suka fara hawa bango kamar tururuwa. Yohanna, ɗan wani soja daga Basawa, abokin Sadik na ƙut-da-ƙut, wanda da yake gudu kamar yana jan turmi, sai ga shi yana wuce mutane. Waɗannan makonni su ne mafi daɗi a rayuwata ta fili. Da yamma rana takan faɗo ta bayan bishiyoyin darbejiya, ta rina bangon ja, tafukan alli su yi fari fat a kai, in tsaya ina kallo kamar wanda aka nuna wa rubutun da bai taɓa iya karantawa ba sai yau.

Tambari ɗaya ne bai hau ba. Na Sadik. Har yanzu shi ne a sama da na kowa, amma yana saukowa a hankali, na Yohanna na tahowa. Na rasa dalili. Mahaifiyarku ce ta gano. Kun san halinta, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, ba ta ma cika kallonsa a gaban mutane ba, amma babu abin da ke wuce ta. Wata rana da hantsi ta kawo mini koko, ta tsaya tana gyara bakin zaninta.

"Malam, ka lura da yadda yaron nan ke tashi daga sujada?"

Na ce ban lura ba.

"Da hannu yake dafa ƙasa. Ƙafar hagu yake ja. Kuma ranakun da ka ce su huta, daga masallacin asuba ba ya dawowa gida sai rana ta fito. Rigarsa sharkaf nake wanke ta."

Ranar Juma'a na bi bayansa a kan keke. Daga Sabon Gari ya kama titi da gudu har Samaru, ya juyo, ya tsaya bayan wani kango inda ya ɓoye garwar siminti guda, ya shiga tsugunawa da tashi. Ina daga nesa ina ganin yadda yake cije leɓe duk sa'ad da ya miƙe. Na tsaya riƙe da keke, na kasa ƙarasawa. Abin da nake kallo ba taurin kan yaro ba ne. Ni ne. Maganata ce ta shekara da shekaru take tsugunawa tana tashi a bayan kango.

Ana cikin haka labari ya zo cewa wasu mutane daga wata babbar ƙungiya ta kudu za su zo ɗibar yara a wani fili a Samaru, ranar Asabar ta sama. Kowane koci zai kai sunaye biyar. Unguwa ta ɗauka, har masu shayi sun san Sadik za a ɗauka. Na kai shi wurin Rifkatu. Ta sa ya kwanta rub da ciki a kan benci, ta danna bayan cinyarsa, ya zabura kamar an ɗana masa wuta. Ta ce wannan ya fi ƙarfinta, mu je ga likita. Likitan ya duba, ya ce tsokar ta fara tsagewa, ba ta rabu ba tukuna. In aka bar ta wata guda za ta haɗe. In ya fizgi gudu a kanta, tana iya ɓallewa gaba ɗaya, kuma ba kowa ke komawa daidai ba bayan haka.

"Amma tana iya ƙin ɓallewa?" in ji Sadik.

"Tana iya ƙi," in ji likita. "Ba zan yi maka ƙarya ba."

Wannan kalmar ya riƙe, ita ya shigo da ita gida. Makon nan gidanmu ya rabu. Gwaggonku Talatu, yayata da ke zaune da mu a lokacin, ta tsaya a bayansa. Tana tankaɗe tana magana, ba ta kallon kowa.

"Arziki ya zo har ƙofar gida ka ce masa ya dawo gobe? A shafa masa man zafi, a ɗaure da tsumma, ya je. Mu da muka yi noma da ciki wata tara, wa ya ba mu hutu? Haruna, kar ka zama sanadin baƙin cikin ɗanka."

Na tambayi mahaifiyarku. Tana tsintar shinkafa a faranti ta amsa.

"Ni ban san ƙwallo ba. Da ƙafa biyu na haife shi."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zauna a zaure da takarda da biro. Na rubuta sunaye huɗu ba tare da tunani ba. Na biyar na daɗe a kansa. Na ga Sadik a cikin babban fili mai fitilu, na ga sunan gidanmu a bayan rigarsa, na ji ana kiransa a rediyo. Wallahi na gani, kamar yadda nake ganin hannuna. Na kuma gan shi yana da shekara arba'in yana jan ƙafa zuwa masallaci. Ban san wanne ne gaskiya ba a cikin biyun, har yau ban sani ba. Na rubuta sunan wani yaro. Ina ninke takardar Sadik ya shigo, ya miƙo hannu, na ba shi. Ya karanta sau biyu.

"Baba, ka manta da ni."

"Ban manta ba."

"Minti ashirin ne kawai. Zan iya. Na sha yin wasa da ciwon da ya fi wannan, kana kallo, kana cewa in daure."

"Na yi kuskure a lokacin."

"To me ya sa sai yau za ka gyara? Me ya sa sai a kaina?"

Ya ajiye takardar a kan tabarma a hankali, kamar ƙwai, ya ce:

"Kai ka ce hutu na matattu ne. To ka kashe ni ke nan."

Ranar Asabar an yi yayyafi da safe, sannan gari ya washe. Filin Samaru ya cika, ɗalibai na ta surutu rabi Hausa rabi Turanci, yaran Sabon Gari na ihu da Turancin burokin. Ina tsaye da yarana sai na hango Sadik ya shigo sanye da takalmin ƙwallo. Ya wuce ni kai tsaye zuwa teburin baƙin, ya faɗi sunansa. Ɗaya daga cikinsu, mai furfura, ya ce ai sun ji labarinsa, ya juyo ya tambayi waye kocinsa. Nan ne wurin da nake so ku sani, domin ba takardar ce ta hana shi ba. Da na yi shiru, da sun sa shi. Na taka na je, na ce ni ne kocinsa, ni ne kuma ubansa, yana da rauni a cinya, likita ya hana. Mutumin ya kalle ni, ya kalle shi, ya ce to Allah ya ba shi lafiya, sai wani zuwan. Sadik ya tsaya a bakin layi har aka tashi, bai zauna ba, bai tafi ba. A gabansa Yohanna ya ci ƙwallo biyu, a gabansa aka kira sunan Yohanna. Ya je ya rungume shi, sannan ya cire takalmansa ya taka a ƙasa har gida.

Ya huta, domin babu sauran abin yi wa gaggawa. Wata guda yana kwance a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida yana kallon ganye, mahaifiyarku na ajiye masa abinci. Bayan nan Rifkatu ta dawo da shi a hankali, ɗagawa kaɗan, hutu da yawa. Kafin a gama girbi ya yi wani tsalle jikin bangon nan wanda sai da aka ɗauko benci kafin a rubuta sunansa a gefen tambarin. Gudunsa kuwa, Rifkatu ta kalli agogo ta ce a sake, ta ɗauka hannunta ne ya yi kuskure. Bai taɓa kai wannan matsayi ba a rayuwarsa. Muka zauna jiran wani zuwan. Damina ta zagayo, ba su zo ba. Wadda ta biyo baya suka zo, suka ce 'yan ƙasa da shekarunsa suke nema. Yohanna ya yi shekaru yana wasa a kudu, ana jin sunansa a rediyo. Sadik ya ba wa wani takalmansa, ya tafi Kaduna koyon gyaran mota. Shekara bakwai tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, ina kwana, lafiya lau, ya aiki, da godiya. Gwaggonku ta rasu ba ta yafe mini ba. Ni ma a shekarar da ya tafi na miƙa usur ga wani.

To ga abin da nake so ku gyara a zukatanku. In za ku zarge ni, kuna da hujja, amma ku ɗora zargin a inda ya dace. Ba ranar Asabar ɗin nan na cuci yayanku ba. Na cuce shi tun yana da shekara tara, ranar da ya ce ya gaji na ƙara masa zagaye biyu, da duk ranakun da suka biyo baya. Ni na koya masa jin kunyar hutu, har ya koma yana satar wahala a bayan kango. Raunin nan ni na yi shi. Abin da na yi a Samaru ƙoƙari ne na tsayar da ɓarnar da na fara, kuma shi ya biya, ba ni ba. Ku da kuke da 'ya'ya yanzu, masu ƙwallo da masu karatu, in yaro ya ce ya gaji, ku saurare shi.

Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba, ni da shi. Shekaru uku da suka wuce, lokacin da bayana ya riƙe na kasa takawa, shi ya zo daga Kaduna ya kai ni asibiti. Ɗakin likitan yana hawa na uku, ranar kuma babu wuta, kekunan tura marasa lafiya duk suna hannun wasu. Muka tsaya a gindin bene, ina jingine da bango, ina jin kunyar mutanen da ke wucewa. Sai ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya juya mini baya ya tsuguna.

"Hau, Baba."

Na ce a'a, mu jira a samo wani ya taimaka. Bai motsa ba. Na hau. Ya miƙe da ni tsaf, bai dafa komai ba, ya fara taka matakala ɗaya bayan ɗaya, dama, hagu, dama, hagu, kowace ƙafa na karɓar nauyinmu daidai da 'yar'uwarta. Rigarsa na warin baƙin mai. Akwai furfura a ƙeyarsa da ban san da ita ba. Ta tagogin benen ina hango rufin Zariya yana sauka ƙasa a hankali, hasumiyoyi da bishiyoyi da tankunan ruwa, kamar mu ne muke tashi sama. Na buɗe baki zan ce wani abu, abin da na yi shekaru ina shiryawa, sai hawaye suka riga ni. Ina jin ya ji hawayen a wuyansa, domin ya ɗan tsaya, ya gyara mini zama a bayansa.

"Riƙe ni da kyau, Baba," ya ce. "Saura hawa ɗaya."